Sarki Hirudus Ya Gamu da Surukinsa

Kowane gari da wawansa, amma Dogon Dutsi ta yi sa'a, nata da baki ya zo. Gado ake ce masa. Zamanin kumandan ne, Baturen mulki na Faransa, 'yan shekaru bayan Mumper, limamin Kirista, ya zo ya kafa mishan a gefen gari da ɗan lakwal, wato makaranta, da lambu. Aikin Gado jan ruwa ya ba lambun nan. Kafin haka ya taɓa yin karen mota, ya je Yamai sau guda a bisa buhunan gyaɗa, direba ya sallame shi tun ba su dawo ba. To, zuwan nan Yamai shi ne jarin Gado. Shekara da shekaru yana cin riba, uwar kuɗi ba ta taɓu ba.

Abin da ya hana shi sakat kuwa Balki ce, ɗiyar Baba Mani magini. Bazawara ce, tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa, harshenta ya fi man kaskonta zafi. An kai gaisuwa, an karɓi goro, daga nan magana ta tsaya cak. Baba Mani bai ce albarka ba, bai ce na sallama ba. In an matsa masa sai ya ce, "Yaron ga bakinshi ya hi gonarshi hwaɗi. Mu dai duba." Amma tun da goro ya shiga gidan, Gado ya zama suruki, kunya ta hau kansa. In ya hango tsohon tafe, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen hanya, ido a ƙasa, murya kamar ta mai jinya. Iya Ajuma kuwa, uwar Balki, ko hanya ba ya haɗawa da ita. Ya gwammace ya zagaya gari da tulu a ka.

Ana nan sai Mumper ya ce bana sallar Nowel, wato Kirsimeti, ba za ta wuce da waƙa kawai ba. Za a yi wasan kwaikwayo na haihuwar Yesu, da Hausa, a filin mishan, a gayyaci kumandan da duk mai ƙafa. Ya ɗora nauyin a kan Metir Yaro, malamin lakwal, mutum siriri wanda ko tari zai yi sai ya tsara shi. Kiristan garin ba su cika tabarma biyu ba, saboda haka duk wanda ya gilma ta ƙofar mishan sai a cafke shi a ba shi aiki. Har Ɗan'azumi mahauci, abokin wasan Gado, an kama shi a matsayin ɗaya daga dogarai biyu, don ƙirjinsa kamar ƙyauren zaure.

Ranar rabo Metir ya dubi Gado ya ce, "Kai makiyayi ne. Sanda za ka riƙa, in mala'ika ya hito ka ji tsoro. Shi ke nan."

"Makiyayi? Ni? Metir, dube ni da kyau. Ni da na ga teyatur, wasan kwaikwayon Turawa, da idona a Yamai?"

Ɗan'azumi ya ce, "Ta ramin katanga."

"Ramin ƙarami ne, amma abin da na gani ciki ya ishi Arewa duka. Metir, wa ne babba cikin wasan ga?"

"Jaririn."

"Ba jariri nika tambaya ba. Wa ka zama bisa, kowa na ƙasa?"

"Sarki Hirudus. Amma mugu ne, kuma maganarshi da yawa, ga tsawa."

"Shina da rawani?"

"Kambi gare shi."

"Na saya."

Dabarar Gado a fili take kamar ƙuraje a goshi. Baba Mani zai gan shi bisa karaga, kumandan na tafa masa, gari na sara masa, wane uba ne zai hana sarki ɗiya? A ransa har ya gama raba goron ɗaurin aure.

Aka shiga gwaji, kuma gwajin Metir ba wasa ba ne. Kullum da an tashi aiki har rana ta faɗi ana abu guda. Mala'iku su mance waƙa, a koma farko. Tumakin da aka aro su cinye zanar da aka yi barga da ita, a koma farko. Mai yin Yusufu, mijin Maryamu, ya yi atishawa inda ba a tsara ba, a koma farko. Mata suka fara zuwa da tsintsiya suna janye mazansu. Aikin Hirudus kuwa bai taka kara ya karya ba: masana uku za su zo daga gabas suna bin tauraro, su tambayi inda aka haifi sabon sarki, shi kuma ya daka musu tsawa, ya ce su je su nemo su dawo masa da labari. Wannan ɗan abu Gado ya kasa riƙewa. Kullum da sabon zance yake zuwa.

"Ni ne Hirudus, giwa mai karya ice, dutsi ka hi gaban gatari..."

"Babu giwa cikin Littahi!" in ji Metir.

"To ai shi ya sa nika sa ta. Littahin da babu giwa, wa zai tsaya kallo?"

Sai batun karaga. Metir ya kawo kujerar lakwal, Gado ya dube ta kamar an yi masa tayin banza. Ya ce a Yamai sarkin teyatur sai an ɗaga kai ake ganinsa. Dandamalin wasan da ma katako ne bisa gangunan mai. Gado ya ɗora tebur bisa dandamali, ya kifa turmi bisa tebur, ya hau. Turmi ya ce bai san zancen ba. Ya zame, sarki ya sauko da baya, turmi ya bi mala'iku da gudu har bakin rijiya.

Ɗan'azumi ya ce, "Ran sarki shi daɗe, haka aka sauka a Yamai?"

"Gwada turmin nika yi, jahili. Yanzu na san halinshi."

Aka ɗaure turmi da igiya. Maƙeri ya yanko masa kambi daga gwangwanin kananzir, ranar farko ya tsaga masa kunne, Gado ya ce jinin sarauta ne ke nuna kansa. Ya aro bargo ja, ya sassaƙa takobin ice. Abin da ya fi ji da shi kuwa takalman soja ne, waɗanda ya roƙa wurin wani tsohon soja, masu igiya har ƙwauri. Sun yi masa kaɗan. Sai da aka shafa wa dugadugansa man shanu, mutum biyu na turawa, kafin ƙafa ta shiga. Ya tashi yana takawa kamar zakara a kan garwashi, ya ce haka manya ke tafiya.

Ana saura kwana kaɗan ya je wurin Balki, ya tsaya a gaban kasko yana gyara murya.

"Balki, ranar Nowel za ki ga abin da ba ki taɓa gani ba."

"Za ka biya ƙosai da hannunka ke nan?"

"Sarki za ki gani. In na yi tsawa, dutsin can sai ya amsa."

"Allah Sarki, dutsi. Shi ma bai tsira ba."

"Ki hwaɗa ma su Baba su zo. Amma su zamna can baya-baya, inda za su gan ni, ni ban ganinsu."

Balki ta juya ƙosai ta ce, "To." A ranta kuwa ta ce, wa ya taɓa sayen akuya daga nesa?

Gwajin ƙarshe Gado bai je ba. Metir ya aika, Gado ya ce a gaya masa sarki ba ya gwaji, gwaji na talakawa ne. Ya kwanta a inuwar lambu yana shan ruwan tsamiya da zuma don murya. Abin da bai sani ba, Habu, wanda ke gaban masanan gabas, ya ga 'yan unguwarsu sun ɗaure kaya za su cin rani Birnin Kabi, ya jingine sandar masana ya bi su, ko sallama babu. Metir ya kusa haɗiye alli. Ya ruga wurin Baba Mani, wanda ba ya shiga majami'a amma shi ya gina ta, ya durƙusa yana roƙo. Ga farin gemu na gaske, ba sai an liƙa auduga ba, kuma magana ɗaya ce tak. Tsoho ya tambayi wa ke bisa turmi. Da aka gaya masa sai ya ce, "To. Ina zuwa." Ɗan'azumi na nan aka yi, amma abokin wasa ba ya zubar da romo irin wannan. Ya ja bakinsa ya ɗinke.

Ranar Nowel, da la'asar sakaliya, fili ya cika maƙil. Mutanen Tibiri da na Gesheme da na Ɗan Kasari da suka shigo gari duk sun tsaya, Musulmi da Azna da Kirista, kallo ba ya tambayar addini. Kumandan da madam ɗinsa na bisa kujeru a gefen dama, tafinta a bayansu, gardi, ɗan sandan kumandan, na korar yara da bulala. Aka fara lafiya. Mala'iku suka yi waƙa ba su mance ba, makiyaya suka ji tsoro yadda aka tsara, Lantana matar kukun mishan ta zauna a barga bayan zana a matsayin Maryamu, da jaririnta na gaske a cinya.

Sai aka buga ganga, Hirudus ya fito.

A faɗi gaskiya ko don gobe, da fari ya yi kyau. Bargo ja na jan ƙasa, kambi na walƙiya, takalma na ƙara. Ya hau tebur, ya hau turmi, ya zauna daram, ya kawo giwarsa da gatarinsa duk da harara da Metir ke aiko masa ta ramin zana. Mata suka yi guɗa. Kumandan ya gyaɗa kai. Gado ya ji kansa ya kumbura har kambi ya ƙara matse shi. Ya ɗaga takobi ya ce, "A shigo da baƙin ga, in ji abin da ya kawo su ƙasata!"

Tauraron gwangwani ya shigo bisa doguwar gora, masana uku na biye. Na gaba ya lulluɓe da gwado, yana takawa a hankali kamar mai auna fili. Ya zo gindin tebur ya tsaya, ya yaye gwado, ya ɗaga kai.

"Ina wanda anka haihwa Sarkin Yahudawa? Mun ga tauraronshi a gabas."

Baba Mani.

Tsawar da Gado ya tara tun safe ta koma ciki ta zauna. Ga shi bisa turmi, tafin takalminsa daidai da rawanin surukinsa, abin da ko mahaukacin kasuwa ba zai yi ba. Hannunsa da kansa ya tafi ga igiyar takalmi. Ya kwance, ya ja, takalmi ya ce ai ba haka muka yi da kai ba. Man shanu ya daɗe da bushewa, ƙafa ta kumbura a ciki.

"Ɗan'azumi," ya ce da raɗa, "ja mini."

"Mi sarki ya ce?" in ji Ɗan'azumi da ƙarfi, har na baya suka ji.

"Ja mini takalmi, ɗan banza."

"Sarki ya ce a ja mishi takalmi!"

Mahauci ya kama ƙafar sarki kamar ya kama cinyar sa, ya dafe tebur da gwiwa, ya fizga. Takalmi ya fita. Sarki ma ya fita. Suka zube tare bisa katako, gangunan mai suka amsa da guɗa tasu. Gado bai tsaya duba ciwo ba. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tsirara, ya rarrafa ya durƙusa a gefen tsohon, ya sunkuyar da kai har kambi ya rufe masa ido guda.

"Barka da marece, Baba. An zo lahiya? Ina gajiyar hanya?"

Fili ya fashe da dariya.

Baba Mani ko gezau. Magana ɗaya aka ba shi, ita ya zo saidawa. "Ina wanda anka haihwa Sarkin Yahudawa? Mun ga tauraronshi a gabas."

"Wallahi Baba ban da labari. Amma a bincika."

Daga bayan zana Metir ya yi huci kamar kububuwa. "Hau karaga! Yi tsawa!"

"Metir, surukina ne."

"Ba surukinka ba ne, masani ne daga gabas!"

"Daga gabas ko daga yamma, ɗiyarshi nika so."

Ɗan'azumi ya ga dama ta samu. Ya buga mashi a katako ya ce, "Sarki ya durƙusa! Wa ya isa shi tsaya?" Ya zube ya kwanta rub da ciki, don dogari ba ya fin sarkinsa tsawo. Ɗayan dogarin ya ga haka ya kwanta. Masana biyu na baya suka dubi juna, su ma talakawa ne a gida, ba su taɓa tsayawa kan sarki yana ƙasa ba, suka durƙusa. Gado ya ga sun yi daidai da shi a gaban surukinsa, ya ƙara yin ƙasa. Suka ƙara. Mai riƙe da tauraro ya rasa abin yi, ya sunkuyar da gora har tauraro ya taɓa ƙasa. Dandamali duka ya kwanta kamar gero bayan iska, sai Baba Mani kaɗai a tsaye da farin gemunsa.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ɗaga murya, sarki! Daka munka baro!"

Wani ya ce, "Wanga sarki ko kaza ba ta gudunshi!"

Kumandan ya waiwaya yana tambayar tafinta ko haka abin yake a Littafi. Tafinta ya ce a'a, haka yake a Arewa. Mumper kuwa ya tura gemunsa cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa.

Gado ya tuna akwai sauran magana, ya ce bari a rage asara. Ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, in ba damuwa, ku tahi Baitalami ku duba yaron. In kun same shi, ba sai kun dawo da kanku ba, kada ku wahal da ƙahwa. Ku aiko ko da yaro ne, ni in zo in ji."

"Tsawa!" in ji Metir. "In ba ka yi tsawar ga ba, gobe ka nemi wata rijiya!"

Nan Gado ya ga ana shirin raba shi da mata da tuwo rana guda. Sai dabara ta zo masa, irin dabarunsa. Kunya ai ta ido ce. In ya kawar da ido daga tsohon ya fuskanci jama'a, ya yi tsawarsa can, bai yi wa suruki ba, kuma Metir ya samu abinsa. Ya miƙe, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya juya, ya rufe ido, ya ɗaga takobi, ya ja numfashi har haƙarƙarinsa suka fito. Ya taka zuwa bakin dandamali. Ya buɗe ido.

A tabarmar gaba, inda in ya miƙa hannu sai ya taɓa ta, Iya Ajuma ce zaune tana tauna goro, tana dubansa tun daga kambi har ƙafar da ba takalmi, irin duban da ake yi wa haƙoran akuya. Balki na gefenta ta tallabe haɓa.

Abin da ya fito daga bakin Sarki Hirudus, ɗan tsako ma sai ya raina shi.

Gaba suruka. Hagu suruki. Dama kumandan. Saura baya, kuma baya zana ce. Gado ya yar da takobi ya shige ta da ka. Zana ta faɗi, barga ta bayyana tun lokacinta bai yi ba. Tumaki suka watse cikin mutane, jaki ya tsinke igiya ya bi ta ƙarƙashin laimar madam, bencin mala'iku ya kife da su, fukafukan takarda na tashi sama. Lantana ta ga ƙato da jan bargo ya nufo ta, ta suri ɗanta da hannu ɗaya, da ɗayan ta ɗauki sandar Yusufu ta shimfiɗa wa sarki a gadon baya.

"Mugu! Ɗan nawa za ka taka?"

Jama'a suka ce, "Ƙara mishi!" Ba ta samu ƙarawa ba. Hirudus ya tsallake dangar lambu, takalmi ɗaya na bugun ƙasa, ɗaya ƙafar na neman gafara, ya ɓace cikin rogo.

Da ƙura ta lafa, mai yin Yusufu ya leƙo ya ce, "Metir, har yanzu mu gudu Masar don tsoron sarki? Ai sarkin ya riga mu."

Metir Yaro ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Baba Mani ya dubi turmin da ba kowa, ya sake faɗa masa maganarsa guda, don an ce ya faɗa har a ba shi amsa, sannan ya naɗe gwadonsa ya sauka.

Rana na shirin faɗuwa Balki ta same shi a bayan rijiyar lambu, ya cusa kai cikin bargo, ya bar sauran jiki a waje.

"Ran sarki shi daɗe."

"Balki, in dariya kika zo yi, an riga ki. Har Tibiri ana ji."

"Saƙo ne. Baba ya ce yaron da ya bar karaga gaban kumandan don kunyar surukinshi, ba a hana mishi ɗiya. Ya sallama."

Kai ya fito daga bargo a hankali. "Ya sallama?"

"Iya ma ta ce gudun ya yi mata. Ta ce tun tana budurwa rabonta da ganin suruki mai sauri haka."

Gado ya miƙe zaune, ya karkaɗe kafaɗa, murya ta fara dawowa. "To kin gani? Kin gani ko? Ke kin ɗauka hwaɗuwa na yi? Tsari ne. Tun ranar da na amshi sarautar ga na auna komi, inda zan sauka, inda zan bi..."

"Har sandar Lantana?"

"Ita ce dai ta zo ba bisa tsari ba."

"To tsaya, mai tsari. Su sun sallama, amma ba su za su zamna da kai ba. Ni ba a tambaye ni ba tukuna."

Murya ta sake komawa inda ta fito. "Ke mi kika ce?"

Balki ta dube shi sama da ƙasa, ba gaggawa, kamar mai neman tsaga a jikin tukunya kafin ta taya. Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Na ce a kawo shi haka nan. Mijin da Arewa duka ta ga ya iya durƙuso, ba sai na sha wahalar koya mishi ba."